Giyar bayan keke tana tsalle tun da ya faɗi, a ina zan fara dubawa?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema a kan kekena. Na hannu ne, na saye shi wata biyar da suka wuce, giya uku a gaba, bakwai a baya, injin giyar bayan kuma an rubuta Shimano Tourney a jikinsa. Da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa, kilomita tara zuwa, tara dawowa, domin tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin albashina. Lafiya lau yake aiki har ranar Litinin ta makon jiya, da na jingine shi a bangon aji yara suka ture shi, ya faɗi ta gefen dama. Na ɗaga shi ban ga komai ba sai ɗan kurjewa a jikin injin.

Tun daga ranar kaca ba ta zama wuri ɗaya. A lamba 3 da 4 da 5 sai ka ji kacar-kacar kamar tana neman sauka. In na danna sau ɗaya ba ta hawa, in na ƙara dannawa sai ta tsallake biyu. Na kai wa wani mai gyara a bakin hanya, ya ɗauki sukudireba ya murɗa ƙananan kusoshin nan biyu, ya canja guntun rigar wayar da ke kusa da injin saboda ta tsage, ya zuba baƙin mai, ya ce an gama. Yanzu abin ya fi da lalacewa, kaca ko babban faifan haƙoran da ke tayar baya ba ta kaiwa, kuma akwai hawa ɗaya a hanyata da sai da shi nake iya hawa. Ina da sukudireba da filaya da sifana da saitin Allen a gida. Ina so in gyara da hannuna in zai yiwu.

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya in ka ji shawarata, ka sa a cire maka injin gaba ɗaya, a rage tsawon kaca a ɗora ta a faifai ɗaya na tsakiya, ka huta. Haka na yi wa nawa shekara biyu ke nan, ban sake zuwa wurin mai gyara a kan giya ba. Waɗannan kekunan ba don ƙurarmu aka yi su ba.

Abban Hanifa:
Na gode ɗan'uwa, amma saboda giyar na ƙara kuɗi na saye shi. Ga hawan da na faɗa, kuma gwiwata ta hagu ba ta son nauyi. In babu yadda za a yi sai in haƙura, amma ba da wannan zan fara ba.

Injiniya:
Malam Abban Hanifa, kada ka cire komai. Labarinka ya riga ya faɗi inda ciwon yake: keke ya faɗi ta dama, daga nan giya ta rikice. Kafin ka taɓa kowace kusa, je ka tsuguna a bayan keken, idonka daidai da tayar baya. Sa kacar a faifai na tsakiya. Injin yana da ƙananan tayoyi biyu na roba da kaca ke bi ta kansu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya kamata su biyun da faifan da kacar take kai su zama a layi ɗaya, a miƙe, kamar igiyar da magini ya saki da dutse. In ka ga ta ƙasan ta karkata ciki wajen sifoka, to hanga ta lanƙwashe.

Hanga ita ce ɗan guntun ƙarfen da injin yake rataye a jiki. A kekunan alminiyam daban ake yin ta, a ɗaure da ƙananan kusoshi, kuma da gangan ake yin ta da laushi don in keke ya faɗi ita ta lanƙwashe ko ta karye, firem ya tsira. A keke mai giya bakwai, tazarar da ke tsakanin faifai da faifai milimita 5 ce kawai. Karkatar da ido da ƙyar yake gani ta isa ta hana kaca zama. Alamar hanga ita ce in ka saita ƙananan faifai suka yi daidai sai manyan su ƙi, in ka saita manya sai ƙanana su ƙi. Duk murɗe-murɗen duniya ba zai gyara wannan ba sai an miƙe ta.

Baba Mai Keke:
Salamu alaikum. Maganar Injiniya haka take. Shekarata talatin da wani abu ina wannan sana'a, kuma in aka kawo mini keke aka ce ya faɗi, hanga nake fara kallo. Sai dai ina roƙon ku kada ku yi ta zagin masu gyara. Yawancinmu a kan Raleigh da Phoenix da Hero muka koya, keke mai kaca ɗaya da firiwil ɗaya, ba waya ba madanni. Mai giya daga baya ya yi yawa a hannun mutane, kuma ba kowa ya sami wanda zai zaunar da shi ya nuna masa ba. Mutum ya ga kusa biyu a fili, sai ya zaci nan ne saitin.

Ɗana Abban Hanifa, waɗannan kusoshin biyu iyaka ce kawai. In ka duba za ka ga an rubuta H a ɗaya, L a ɗaya. H tana hana kaca faɗawa waje ta gefen ƙaramin faifai, L tana hana ta wuce babban faifai ta shiga cikin sifoka. Ba ruwansu da abin da ke faruwa a lamba 3 ko 4 ko 5. Yaron da ya taɓa maka ya ɗaure L da yawa, shi ya sa ba ka kaiwa babban. Wannan mai sauƙi ne, za mu zo kansa. Fara da abin da Injiniya ya ce, ka dawo ka gaya mana.

Abban Hanifa:
Na je na duba yanzu. Wallahi kuwa, tayar ƙasan ta shige ciki, kamar ƙafar da ta gurɗe. Ban taɓa lura ba sai da na tsuguna. Firem ɗin alminiyam ne, hangar kuma baƙa ce, an ɗaure ta da ƙananan kusoshi biyu. Baba, in kama injin da hannu in ja shi waje?

Baba Mai Keke:
A'a, kada ka ja ta jikin injin. Shi za ka ɓata, gaɓoɓinsa su yi sako-sako, ka tashi daga ƙaramar asara zuwa babba. Kwance shi tukuna da Allen mai lamba 5, ka bar shi yana lilo a jikin kaca. Tayar baya kuma ta zauna a wurinta a ɗaure tam, ita ke riƙe bakin firem. Sai ka sa sifana mai daidaitawa ka matse ta a jikin hangar, ka ja a hankali, kaɗan-kaɗan, kana tsayawa kana dubawa. Alminiyam ba ya son kai-komo. In ka wuce ka dawo da shi, ka sake wucewa, zai tsage. Kuma in ka ga farin layi ko tsaga a jikinta, ka daina, sabuwa za ka nema.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da hira. Mu nan derayer muke ce wa wannan injin, daga Faransanci, ma'anarsa abin da ke sauke kaca daga kan layinta, kamar yadda jirgin ƙasa ke sauka daga dogo. Bari in ƙara wata dabara da na koya, domin ido yana ruɗin mutum. Ramin da ake ɗaure injin a jikin hanga zarensa na milimita 10 ne, kuma daidai yake da zaren aksil ɗin tayar baya ta irin kekunan da ake kwance tayarsu da ɗan hannu ba da sifana ba. In ka sami aron irin wannan taya, ka cire mata tsinken tsakiya, ka murɗa bakin aksil ɗinta cikin ramin hangar. Sai ka ga tayoyi biyu gefe da gefe. In hanga ta miƙe, tazarar da ke tsakanin bakin wannan da bakin waccan za ta zama ɗaya a sama da ƙasa da gaba da baya. In ba haka ba, tayar da kanta ita ce abin da za ka kama ka tanƙwara a hankali. Abin lura ɗaya: yawancin aksil masu noti na kekuna masu araha zarensu daban ne. In ka ji bai shiga da sauƙi da hannu ba, kada ka tilasta, za ka cinye zaren.

Injiniya:
Dabarar Ɗan Maraɗi tana aiki, na gwada. Amma ni ra'ayina, hangar alminiyam da ta lanƙwashe sosai gara a canja ta. Ko an miƙe ta ba ta koma da ƙarfinta, kuma ranar da za ta karye kana tsakiyar hawa, injin yana iya shiga cikin taya ya kwashe sifoka.

Baba Mai Keke:
Injiniya, a takarda haka ne. Amma ka taɓa yawon neman hanga a kasuwa? Kowane kamfani da irin tasa, siffa ta fi ɗari, kuma keken da aka shigo da shi na hannu ba ya zuwa da ta ajiya. Mutum zai iya yin mako uku yana bin masu kayan keke da tsohuwar a aljihu bai dace ba. Ni dai ƙa'idata, karon farko ina miƙewa in lanƙwasar ba ta yi tsanani ba, in gaya wa mai keke ya fara cigiyar wata. Karo na biyu ba na taɓawa. Malamin nan yana da aji gobe da safe.

Injiniya:
Na yarda da wannan, Baba. Ya miƙe, amma ya ɗauki hotonta kusa da abin awo kafin ya mayar, don cigiya.

Maman Sadik:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda kusan iri ɗaya ce. Keken yarona ne, ɗan shekara goma sha ɗaya, giya shida, irin wadda ake murɗawa a hannu kamar totur ɗin babur. Sau biyu ke nan kaca tana wuce babban faifan ta maƙale tsakaninsa da sifoka, na biyun har ya faɗi ya kurje gwiwa. Babansa ya zaro ta da ƙyar. Akwai wata farar roba zagayayya a wurin da, amma ta fashe mun cire.

Baba Mai Keke:
Hajiya, don Allah kada ya sake hawa sai an gyara. Wannan ya fi na Malam hatsari. Robar da kuka cire aikinta ke nan, tare kaca daga sifoka. Yara kuma yar da keke suke yi a ƙasa in sun sauka, sau da yawa ta gefen giyar, don haka ina kyautata zaton hangarsa ma ta shige ciki. Babansa ya duba daga baya kamar yadda aka faɗa a sama. In a miƙe take, sai ya sa kaca a babban faifai, ya ɗaure kusar L a hankali har ya ji ta taɓa, yadda ko an tura injin da babban yatsa ba zai ƙara matsawa ciki ba. Sannan ya duba sifokan da kacar ta ci. In ta yanke su sosai a canja su, domin daga baya sukan tsinke ɗaya bayan ɗaya. Kuma a koya wa yaron ya riƙa kwantar da keke ta hagu.

Maman Sadik:
To Baba, na gode, Allah ya saka da alheri. Zan nuna wa babansa in ya dawo.

Abban Hanifa:
Na dawo. Na yi yadda Baba ya ce bayan la'asar. Na rataye keken da igiya ta sirdi a reshen darbejiyar ƙofar gida don taya ta bar ƙasa. Sau huɗu ina ja ina dubawa kafin tayoyin robar su tsaya a layi. Ba tsaga. Na mayar da injin. Ƙarar ta ragu sosai, amma har yanzu babban faifai bai samu ba, kuma ga wani sabon abu: hawa zuwa manyan faifai yana yi da kyau, amma saukowa zuwa ƙanana sai na danna na jira, na juya feda sau uku ko huɗu kafin ta faɗa. Wani lokacin sai na ɗan taɓa injin da hannu.

Ɗan Tudun Wada:
Ka ga irin abin da nake faɗa. Ka gyara wannan, wancan ya taso.

Injiniya:
Ba sabon ciwo ba ne, na da ne da hangar ta ɓoye. Ka fahimci yadda abin yake aiki sai komai ya zo da sauƙi. Lokacin da kake hawa zuwa babban faifai, yatsanka ne ke jan waya da ƙarfi. Lokacin saukowa kuwa, madanni sakin wayar kawai yake yi, wani sifirin da ke cikin injin shi ke jawo ta baya. Sifirin ba shi da ƙarfin yatsa. In waya tana cijewa a cikin rigarta, nan take za ka gani a saukowa. Ko dai wayar ta yi tauri da yawa, ko tana cijewa.

Ga yadda za ka bambanta. Sauka zuwa ƙaramin faifai, kwance notin da ya danne wayar a jikin injin, a wasu na Allen 5 ne, a wasu na sifana 9. Riƙe bakin wayar da yatsu biyu kana ɗan ja, ɗaya hannun yana danna madanni sama da ƙasa. In kana jin tana tafiya sumul, lafiyarta ƙalau. In kana jin gargada kamar akwai yashi, ko tana tsayawa, to a nan matsalar take. Sannan ka ce mai gyaran ya canja guntun riga. Don Allah zare murfin bakinta ka leƙa. Me ka gani, siraran wayoyi da yawa a jere a tsaye sun zagaye ramin, ko ƙarfe ɗaya a naɗe kamar sifirin?

Abban Hanifa:
A naɗe yake kamar sifirin. Kuma ta fi sauran rigar kauri kaɗan. Wayar ma da na zaro ta, wurin da ke shiga wannan guntun ya yi ja da tsatsa, sili biyu sun tsinke sun miƙe.

Injiniya:
To ga shi nan. Rigar birki ya sa maka. Ta birki milimita 5 ce, ƙarfenta a naɗe, in aka ja waya takan ɗan matse kamar sifirin. A birki wannan ba komai ba ne. A giya kuwa kowane danni yana jan waya ɗan tsawo ƙayyadadde, milimita kaɗan, in riga ta shanye wani abu daga ciki injin ba zai tsaya inda ya kamata ba. Rigar giya yawanci milimita 4 ce, wayoyinta a tsaye suke shi ya sa ba ta matsewa. Wayar ciki ma daban ce: ta giya wajen milimita 1.2, ta birki wajen 1.6, kawunansu ma ba iri ɗaya ba. Kuma don Allah kowa ya riƙe wannan: kada a taɓa yin akasin haka, a sa rigar giya a birki. Tana iya fashewa lokacin da ka matse birki da ƙarfi.

Sayi sabuwar wayar giya da rigar giya da murafen bakinta. Ka yanka guntun bayan ya yi lanƙwasa mai faɗi, kada ya yi gajere ya ƙage. Bayan ka yanka, sa tsinke ko ƙusa ka buɗe bakin, domin filaya tana matse shi.

Baba Mai Keke:
A nan kam ba zan kare yaron ba, wannan kuskure ne. Sai dai na san dalili, rigar birki ce ke ko'ina a kasuwa, ta giya sai an tambaya. Ɗana, in ka je saye ka tafi da guntun tsohuwar ta gaba a hannunka, ka ce irin wannan. Kafin ka zura sabuwar waya ka shafa mata ɗan man keken ɗinki da yatsa, kaɗan. Kada ka cusa giris mai kauri, da hunturu ya zo zai haɗu da ƙura ya zama kamar kwaɓaɓɓen laka.

Da can da muke da giya mai liba, wadda ba ta yin ƙas-ƙas, duk wannan ba ya damun kowa. Kana ja kana saurare, inda kaca ta yi shiru ka tsaya.

Injiniya:
Haka ne Baba. Mai ƙas-ƙas ɗin Shimano ne suka yaɗa ta, daga 1984 da suka fito da tsarin da suke kira SIS. Ta kawo sauƙi, amma ita ce ta sa dole komai ya dace da komai: madanni mai bakwai sai faifai bakwai, domin a takwas tazarar milimita 4.8 ce, a tara kuma ta ƙara matsewa. Har yanzu ana samun liba marar ƙas-ƙas, kuma ga wanda kayan kekensa haɗe-haɗe ne, ita ce mafita mafi araha. Ɗan Tudun Wada, da wannan ka sa da ba ka rasa giyarka ba.

Ɗan Tudun Wada:
Ban san da ita ba gaskiya. Injin nawa yana nan a cikin kwali, ban yar ba. In na sami libar zan gwada.

Ɗan Maraɗi:
Wani abu da ya taɓa cin mini kwana biyu: wurin da waya ke bi a ƙarƙashin notin da ke danne ta. Akwai ɗan kwari da aka yi mata a jikin ƙarfen. In ka bi da ita ta ɗaya gefen notin, tsawon da injin ke tafiya a kowane danni zai canja, ka yi ta saiti ba ya zama. Kafin ka cire tsohuwar ka duba kwarin da kyau.

Abban Hanifa:
Na samo waya da riga a shago na uku da na shiga. Na sa su. Yanzu saitin nake so a bi da ni a hankali, kada in sake ɓatawa.

Baba Mai Keke:
To bismilla. Kada ka ɗaure wayar tukuna. Juya feda, kaca za ta sauka ƙaramin faifai da kanta. Tsuguna a baya, tayar roba ta sama ta zauna daidai ƙarƙashin ƙaramin faifan. In ta yi ciki, sassauta H. In ta yi waje, ɗaure H. Daga nan kana juya feda da hannu ɗaya, tura injin ciki da babban yatsan ɗaya hannun har kaca ta hau. Za ka ji ya tsaya kafin babban faifai, wannan ita ce L da aka ɗaure maka. Sassauta ta rabin juyi, ka sake turawa, haka har kaca ta hau babban ta zauna shiru. Da ta hau, tsaya nan. Kada ka ƙara ko kaɗan, ka tuna keken yaron Hajiya. Yi hankali da yatsunka kusa da sifoka.

Sai waya. A inda riga ke shiga injin akwai wani ɗan abu kamar ƙaramar ganga da ake murɗawa da yatsu. Wannan shi ne ainihin saitin giya. Murɗa shi ciki har ƙarshe, ka dawo da shi juyi ɗaya. Tabbatar madanni yana kan lamba 7, ja wayar da filaya ta miƙe ba tare da ka ja injin ba, ka ɗaure. Yanzu danna sau ɗaya kana juya feda. In kaca ba ta hau faifai na biyu ba, ko tana jinkiri, murɗa gangar waje kamar mai kwance noti, kwata-kwatan juyi, kana gwadawa. In ta hau har tana gogar na uku, ka wuce, mayar da ita ciki kaɗan. Waje yana ƙara wa waya tauri ya kai kaca wajen manya, ciki yana sassautawa ya kai ta wajen ƙanana. In na biyu ya zauna shiru, bi sauran ɗaya-ɗaya, hawa da sauka.

Injiniya:
Ƙari ɗaya a kan na Baba. Akwai kusa ta uku a bayan injin, wadda ke tokare da hanga, ana ce mata B. Ita ke saita nisan tayar roba ta sama daga faifai. In kana babban faifai ka ji gurrr kamar robar tana taka haƙora, ɗaure ta kaɗan har a sami tazarar milimita 5 zuwa 6. In ba ka ji komai ba, ka ƙyale ta. Kuma sabuwar waya da riga sukan zauna bayan 'yan kwanaki, giya ta fara jinkirin hawa. Kwatan juyi ko rabi waje ya isa, ba sai ka kwance komai ba.

Abban Hanifa:
Alhamdu lillahi! 'Yan'uwa, bakwai ɗin nan duka suna shiga, danni ɗaya faifai ɗaya, ba ƙara. Juyi ɗaya da rabi na sassauta L kafin ta hau babban. Yau da safe na hau hawan nan a zaune, ban sauka na tura ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara girma.

Saura abu ɗaya da na lura da shi a hanya, ban sani ba ko yana da alaƙa. A ƙananan faifai biyu na ƙarshe, in na taka da ƙarfi, misali zan tashi daga tsaye, sai feda ta zame gaba ɗaf, kamar kaca ta tsallake haƙori. Ba canja giya take yi ba, a wurin take, zamewa kawai. A rataye a bishiya ba ta yi.

Baba Mai Keke:
Wannan ba saiti ba ne, kada ka taɓa gangar. Abu biyu ne. Fara juya feda baya a hankali kana kallon tayoyin roba. In ka ga injin yana ɗan zabura duk lokacin da wani wuri na kaca ya zo wucewa, gaɓa ɗaya ce ta ƙage, ka sa mata mai ka tanƙwara ta gefe da gefe da hannu har ta saki. In ba haka ba, kaca ta tsufa ta cinye haƙoran. Ƙananan faifai su ke fara mutuwa saboda haƙoransu kaɗan ne ke ɗaukar nauyin, kuma mutane a kansu suke wuni.

Injiniya:
Kuma ana iya aunawa a gida. Daga ƙusar kaca zuwa ta gaba rabin inci ne cif. Ari tef ɗin tela ko rula mai inci, ka sa sifili a tsakiyar wata ƙusa a layin kaca na ƙasa, kacar a miƙe. A sabuwar kaca, inci 12 zai faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. In ƙusar ta wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, wajen milimita ɗaya da rabi, lokacin canja kaca ya yi. In ta kai kashi ɗaya cikin 8, wajen milimita 3, to firiwil ɗin ma, wato tarin faifan bayan, ya tafi, kuma in ka sa sabuwar kaca a kansa zamewar za ta ƙaru. Sai dai a canja su tare. Kacar giya shida da bakwai da takwas duk ɗaya ce, ba ta wahalar samu.

Baƙin man da aka zuba maka kuma ka wanke shi da kananzir da tsohon buroshi. Akwai garin ƙarfe a cikinsa, ga shi yana kama ƙura, su biyun su ke cin kaca.

Baba Mai Keke:
A kan mai ina da ɗan ja. Kaca busasshiya ta fi mai baƙin mai saurin mutuwa, na gani da idona, musamman da damina. Wanda ba shi da komai sai shi, gara ya sa. Laifin yana wurin yawan da ake zubawa da rashin gogewa. Ko wane mai ne, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda, ka bar shi ya shiga, sannan ka kama kacar da tsumma ka goge wajen har ya bushe. Cikin gaɓa ne ke son mai. Amma in da hali, sabon man inji ko na keken ɗinki ya fi, wannan ban musa ba.

Abban Hanifa:
Na auna da tef ɗin maman Hanifa. Ƙusar ta wuce inci 12 da kusan milimita 3, na maimaita a wuri uku. Na juya feda baya kuma ba inda ta ƙage. Ke nan kaca da firiwil ne tare. Sai ƙarshen wata in an yi albashi. Kafin nan zan riƙa tashi a lamba 4 ko 5, in bar ƙananan biyun. A jikin firiwil ɗin an rubuta 14-28, irinsa zan nema ko akwai wanda ya fi?

Injiniya:
14-28 shi ne aka fi samu, kuma zai zauna ba tare da ka canja komai ba. Saboda gwiwarka, akwai mai 14-34 da Shimano ke rubuta wa Megarange, babban faifansa yana sauƙaƙa hawa sosai. Sai dai ka duba lambar da ke bayan injinka ka tabbatar yana ɗaukar haƙori 34, kacar kuma za ta buƙaci ƙarin tsawo, a sake duba B da L.

Baba Mai Keke:
Cire firiwil kam ka kai shago, yana da makullinsa na musamman. In ka ga an ɗauko guduma da kurfi za a buga, karɓi tayarka ka ƙara gaba. Ka ce a shafa giris a zaren kafin a ɗaura sabon.

Maman Sadik:
Baba, babansa ya duba, hangar ce ta karkace kamar yadda ka ce, ta ƙarfe ce a haɗe da injin. Ya miƙe ta ya ɗaure L, kacar ba ta ƙara wucewa ba. Sifoka uku ne suka ci rauni, gobe zai kai a canja. Farar robar nan ana samunta daban, ko sai an haƙura?

Baba Mai Keke:
Ana samu, Hajiya, wurin masu wargaza tsofaffin kekuna. A bayan firiwil take zama, don haka tunda za a cire shi don canja sifokan, ya nemo ta kafin ya je a sa gaba ɗaya.